Zarcewa ko juyi: gardamar masu koyar da bugun besbol

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in warware wata gardama da ta haura shekara 40 tana raba kan masu koyar da wasan besbol, wato yadda ya kamata mai bugu ya kaɗa kulkinsa. Ɓangare ɗaya na cewa ƙarfin bugu daga tura nauyin jiki gaba yake fitowa, daga ƙafar baya zuwa ta gaba, hannaye su bi miƙaƙƙiyar hanya zuwa ƙwallo. Wannan shi zan kira salon zarcewa. Ɗaya ɓangaren na cewa ƙarfin yana cikin murɗa ƙugu da ƙirji a kan ƙashin baya, hannaye kuma su zagayo tare da jiki. Shi kuma salon juyi. Ra'ayina shi ne duk bugun kirki yana farawa da zarcewa ya ƙare da juyi, kuma abin da ya cancanci a ɓata yawu a kansa shi ne lokacin da na farko zai tsaya na biyu ya karɓa.

Sai an san ƙarancin lokacin da mai bugu yake da shi kafin a gane dalilin zafin gardamar. Daga robar da mai jifa yake takawa zuwa farantin da mai bugu yake tsaye a gefensa, mita 18.44 ne. Da yake mai jifa yana yin dogon taku kafin ya saki ƙwallo, tazarar da take ci ba ta kai haka ba. Jifa mai gudun mil 95 a awa, kimanin kilomita 153, yana isowa cikin kusan kashi 4 cikin 10 na daƙiƙa. Kaɗa kulkin kansa yana cin wajen 0.15 na daƙiƙa, ragowar ita ce ta gani da yanke shawara. Ƙwallon da ke tafiyar mita 40 a daƙiƙa tana cin santimita 40 cikin kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa, faɗin farantin kuwa santimita 43 ne. Wato ɗan jinkirin da ido ba ya iya kamawa ya isa ƙwallo ta ƙetare farantin baki ɗaya. Haɗuwar kulki da ƙwallo ba ta kai kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa ba, saboda haka duk abin da hannu zai yi bayan sun haɗu ya makara.

Salon zarcewa da sunan Charley Lau ake danganta shi, mai koyar da bugu a ƙungiyar Kansas City Royals a shekarun 1970. Ya koyar da a fara tara nauyi a ƙafar baya, a taka gaba da yatsun ƙafa a rufe, a kai nauyi kan ƙafar gaba mai tauri, kai a sunkuye a kan ƙwallo, a yarda hannun sama ya saki kulki bayan bugu domin hannun ƙasa ya miƙe sosai, a kuma watsa ƙwallo ko'ina cikin fili. Babban ɗalibinsa George Brett ya buga .390 a 1980, ma'ana cikin kowane yunƙuri 100 ya ci 39. Akwai dalilin da ya sa salon ya karɓi Royals. Filinsu a lokacin ciyawar roba ce aka shimfiɗa, bayansa kuma faffaɗa, ƙwallon da aka buga ƙasa-ƙasa da ƙarfi sai ta zame ta wuce masu tsaro, wadda aka ɗaga sama kuma sau da yawa a hannun mai tsaron baya take mutuwa. Bayan rasuwar Lau a 1984, almajirinsa Walt Hriniak ya ci gaba da koyarwar a Boston Red Sox, daga baya a Chicago White Sox.

Salon juyi kuwa ga Ted Williams ake jingina shi, wanda ya buga .406 a 1941, kuma har yau ba a sake samun wanda ya kai .400 a cikakkiyar kakar manyan gasannin Amurka biyu ba. Karatunsa shi ne ƙugu ya riga hannaye, kulki kuma ya ɗan hau sama yayin da yake haɗuwa da ƙwallo. Bai ɓoye ƙin koyarwar Lau da Hriniak ba, yana ganin tana kashe ƙarfi. Mike Epstein, wanda ya yi wasa a ƙarƙashin Williams a Washington Senators, shi ya yaɗa sunan salon juyi daga baya a matsayin tsarin koyarwa. Shi ma salon yana da farashinsa: Williams, wanda ɗan hagu ne a bugu, ya yawaita jan ƙwallo zuwa ɓangaren dama na fili har Lou Boudreau na Cleveland ya tattara masu tsaronsa a ɓangaren dama a 1946 don tare shi.

Sai dai ga abin da ke rikita masu tsattsauran ra'ayi. Williams ya tsallakar da ƙwallo bayan shinge sau 521 a rayuwarsa. Frank Thomas, ɗalibin Hriniak, mai sakin hannun sama, wanda ƙafarsa ta baya kan ɗaga daga ƙasa lokacin bugu, shi ma 521 cif. Hank Aaron mai 755 an san shi da bugu a kan ƙafar gaba. In da zarcewa na kashe ƙarfi, da waɗannan alƙaluman ba su samu ba. In kuma aka rage gudun bidiyon Williams, za a ga yana takawa gaba kamar kowa kafin ƙugunsa ya buɗe.

Bari mu bi jikin daki-daki, a ɗauka mai bugun na dama ne, ƙafarsa ta hagu ce ke fuskantar mai jifa. Yana tsaye ƙafafu sun ɗan fi faɗin kafaɗa, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe. Da mai jifa ya fara motsi, sai ya tara nauyi a cikin ƙugun dama, ba a wajen ƙafa ba. Gwiwar dama ta zauna ta cikin tafin ƙafar, domin da zarar ta leƙa waje to jiki ya yi lilo baya kuma dawowarsa zai ci lokaci. Daga nan sai taku. Ƙugu ya tafi gaba, hannaye su tsaya a baya kusa da kafaɗar dama, har a ji tsokar gefen ciki ta miƙe kamar an ja roba. Duk wannan zarcewa ne, babu juyi a ciki tukuna. Yatsun ƙafar hagu su taɓa ƙasa a hankali, nauyi ya rabu kusan daidai tsakanin ƙafafun biyu, kafaɗar hagu har yanzu a rufe tana kallon mai jifa.

Saukar diddigen hagu ita ce mararraba. Nan ƙafar gaba take zama birki. Wanda ya taɓa danne birkin gaba na keke a guje ya san abin da ke biyo baya: ƙafar keken ta tsaya, ragowar ya nemi ya kifa ta kanta. Haka gefen hagu na ƙugu yake tsayawa, har ya koma baya yayin da gwiwar hagu take miƙewa, gefen dama kuma ya zagayo. Tafiyar da aka yi gaba ta rikiɗe ta zama juyi. Ƙugu ya fara, ƙirji da kafaɗu su biyo baya da ɗan jinkiri, sannan hannaye, kan kulki ya zo ƙarshe kamar bakin bulala. Gwiwar hannun dama ta sauko ta manne kusa da haƙarƙari, tafin hannun dama yana kallon sama, na hagu yana kallon ƙasa a lokacin haɗuwa. Miƙewar hannaye gaba ɗaya bayan an bugi ƙwallo take zuwa. Ƙafar dama a lokacin ba ta ɗauke da komai, tana kan yatsu, wani lokaci ma ta ja ƙasa ko ta ɗaga.

An auna wannan. Wani bincike da Welch da abokan aikinsa suka wallafa a 1995 kan ƙwararrun 'yan wasa ya nuna ƙafar gaba tana danna ƙasa da ƙarfin da ya kai kashi 123 cikin 100 na nauyin jiki, ƙugu yana juyawa har digiri 714 a daƙiƙa, kafaɗu su biyo da 937, kulki kuma ya kai mita 31 a daƙiƙa. A kwatanta da gudun gangar jiki lokacin taku, wanda bai wuce na mai tafiya a ƙafa ba. Ke nan masu juyi sun yi gaskiya da suka ce gudun kulki daga juyi yake fitowa. Amma ƙarfin nan na ƙafar gaba da ke tayar da juyin, takun ne ya kawo shi, nan kuma gaskiyar masu zarcewa take.

Inda zarcewa take ɓaci shi ne in ta ƙi tsayawa. Mai bugu ya sauke ƙafar gaba amma gwiwar ta ci gaba da lanƙwashewa, ƙirji ya rufta kan cinya, kai ya bi. Illa uku ke biyo baya. Birki ya tafi, don haka ƙugu ba shi da abin da zai juya a kai, sai hannaye su ɗauki aikin su kaɗai. Idanu suna matsawa zuwa ga ƙwallo, sai ta zama kamar ta fi gudunta. Ta uku ita ce wadda masu jifa suke farauta. Jifan yaudara, wanda ake saki da motsin hannu irin na jifa mai gudu amma ya gaza shi da mil 8 zuwa 10, yana makara da kusan 0.04 na daƙiƙa, wato ƙwallon tana bayan inda aka zata da fiye da mita ɗaya da rabi. Wanda ya riga ya zube nauyinsa gaba ba shi da sauran abin jira. Za ka gan shi ya miƙa hannu ɗaya, gindi a baya, ya ɗan taɓa ƙwallo ta gangara ga mai tsaro. Wanda ya taka amma ya riƙe hannayensa a baya kuma kafaɗarsa a rufe, yana iya ɗan nutsewa cikin ƙafar gaba ya jira, ya kuma yi bugu mai ma'ana.

Akwai kuma umarnin nan da ake yawan ba yara, wai a kai gindin kulki ga ƙwallo. Niyyar mai kyau ce, ana so hannaye su bi gajeriyar hanya. Amma yaron da ya ɗauki maganar a zahirinta sai ya ture hannayensa gaba su rabu da jiki, kan kulki ya yi ta jan ƙafa a baya, ya iso a makare yana saran ƙasa. Sakamakon shi ne ƙwallo mai rauni da ke karkata zuwa ɓangaren dama, ko wadda aka yanka ta ƙasa ta tashi tsaye sama.

Juyi ma yana da nasa ciwon, kuma a ganina ya fi yawa a wurin matasa yanzu. Na farko shi ne juyawa a kan ƙafar baya. An daɗe ana ce wa yara su murtsuke ƙwaro da ƙafar baya, sai yaro ya bar nauyinsa a can ya murza tafin ƙafa, ƙugu ya yi ta juyi a wuri ɗaya ba tare da ya je ko'ina ba. Ƙafar baya ba ita ke juya ƙugu ba, ƙugun ne yake janyo ta. Na biyu shi ne buɗewar kafaɗar gaba tare da ƙugu a lokaci guda. In suka tafi tare, robar da aka ja ta saki kafin lokaci, kai ya juya ya bar ƙwallo, kulki ya shigo yankin bugu ya fice nan take zuwa hagu. Irin wannan mai bugu jifan da ya bi ta nesa da jikinsa ya gagare shi, ko dai ya taɓa shi da ƙarshen kulki, ko wuyan hannunsa ya kife da wuri ƙwallo ta gangara gefen hagu. Na uku shi ne gwiwar hannun baya ta riga gindin kulki shiga gaba, abin da ake yawan gani wurin yaron da kulki ya fi ƙarfinsa. Kan kulkin sai ya faɗi ƙasa, hanyarsa ta yi tsawo, jifa mai gudu a saman yankin bugu ya wuce shi kullum. Ga kuma lafiya: murɗa da ƙarfi sau ɗaruruwa a gefe guda shi ke kawo yagewar tsokar gefen ciki wurin manya da ciwon ƙasan baya wurin masu tasowa, musamman in ƙugu ya ƙage, bayan ya ɗauki murɗar da ba tasa ba.

Batun hawa ko saukar kulki, a nan Williams ya fi gaskiya, kuma lissafi ne kawai. Tudun jifa yana da tsayin inci 10 tun 1969, da can 15 ne, mai jifa yana saki daga sama, nauyin ƙwallo kuma yana janta ƙasa. Saboda haka kowane jifa a gangare yake isowa, mai gudu da kimanin digiri 5, mai lanƙwasa ya kan kai 10. Kulkin da ke hawa da ɗan kwatankwacin wannan kusurwa yana tafiya a kan layin ƙwallon na tsawon lokaci, ko an ɗan riga ko an ɗan makara za a same ta. Kulkin da ke sara ƙasa a wuri ɗaya tak yake ratsa layin. Amma wanda ya ji haka ya koma kwasar ƙwallo daga ƙasa da digiri 25 ya faɗa ramin da ya guda, ta ɗaya gefen. Tun da Statcast, tsarin na'urorin awon motsin ƙwallo, ya shigo filayen babbar gasar besbol ta Amurka (MLB) a 2015 ake auna kusurwar tashin ƙwallo, kuma tsakanin digiri 8 da 32 ake ɗauka a matsayin mai albarka. A lura, kusurwar tashin ƙwallo dabam, ta hawan kulki dabam. Kulki mai hawa da digiri 10 yana iya tayar da ƙwallo da 28 in ya same ta ɗan ƙasa da tsakiyarta.

To ina ainihin bambancin yake a filin wasa? Yana cikin abin da mai bugu ya zaɓi ya saya da abin da ya yarda ya rasa. Masana kimiyyar wasan irin su Alan Nathan sun nuna cewa in an sami ƙwallo a daidai wurin daɗi na kulki, wajen santimita 15 daga ƙarshensa, gudun fitarta ya kan zama kimanin 1.2 na gudun kulki a haɗa da 0.2 na gudun jifa. Kulki mai mil 72 da jifa mai 90 za su ba da wajen 104. Ƙarin mil ɗaya a gudun fita yana ƙara wa ƙwallon da aka ɗaga kusan mita ɗaya da rabi. Da aka fara fitar da awon gudun kulki a 2024, matsakaicin gasar ya tsaya wajen mil 71 zuwa 72. Giancarlo Stanton yana sama da 80, Luis Arráez kuma yana can ƙasa kusa da 63, amma Arráez ɗin ne ya fi kowa kason cin bugu cikin yunƙuri 100 a gasarsa shekara uku a jere, 2022 da 2023 da 2024, da ƙungiyoyi uku dabam-dabam. Dukansu suna takawa, dukansu suna juyawa. Ɗaya ya gajarta hanyar kulki, ya bar ƙwallo ta shigo sosai, ya sayi daidaito. Ɗayan ya tsawaita hanyar don tara gudu, ya yarda zai riƙa kuskure da yawa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma girman jiki da saurin ƙafa suna cikin abin da ke yanke hukunci. Ichiro Suzuki, wanda ya ci bugu 262 a 2004, ɗan hagu ne mai gudu, kusan yana kan hanyarsa ta zuwa zangon farko, inda mai bugu yake fara rugawa bayan bugu, yake kaɗa kulki. Mai nauyin jiki da ya kwaikwaye shi asara zai yi.

Ko a wurin mutum ɗaya ma, gaurayen yana sauyawa da inda jifa ya bi. Wanda ya matso jiki dole a tare shi a gaba da ƙafar gaba, ƙugu ya buɗe sosai, hannaye a janye kusa da ciki. Na tsakiya ana haɗuwa da shi daura da ƙafar gaba. Na nesa a bar shi ya shigo har wajen tsakiyar jiki, ƙugu bai gama buɗewa ba, hannaye su bi shi zuwa ɓangaren dama. Wanda ya ga hoton bugu na farko zai rantse salon juyi ne, wanda ya ga na uku ya ce zarcewa ce.

Shawarata ga mai koyarwa ita ce ya duba ciwon kafin ya ba da magani, domin kalmomin ɓangarorin biyu magunguna ne na cututtuka mabambanta. Wayar hannu ta isa. A kafa ta a gefe daura da cibiyar mai bugu, a ɗauka da hoto 240 a daƙiƙa, wanda zai ba da hotuna wajen 36 na kaɗawa ɗaya. A gudun da aka saba na 30, huɗu ko biyar kawai za a samu, ba za a ga komai ba. A sami wata alama a bango bayan kansa. Kai yana da izinin tafiya gaba lokacin taku, amma daga saukar diddige zuwa haɗuwa da ƙwallo ya kamata ya tsaya a kan alamar. In ya ci gaba da tafiya, zarcewa ta yi yawa. In bai motsa ba tun farko, kuma tafin ƙafar baya yana shimfiɗe da nauyi a lokacin bugu, juyi ne a wuri ɗaya. Sai a tsayar da hoton a daidai saukar diddige a duba zanen gaban riga da bakin bel: bel ya fara leƙa mai jifa, gaban riga yana kallon faranti tukuna.

Mai ruftawa gaba, a sa shi ya buɗe ƙafafu kamar ya riga ya taka, ya yi bugu daga kan sandar ɗora ƙwallo ba tare da taku ba, yana jin gwiwar gaba tana miƙewa tana mayar da ƙugu baya. A ƙara masa jifan ƙwallo mai nauyin kilo 2 zuwa 3 a bango daga gefe. Mai juyi a wuri ɗaya kuma akasin haka yake bukata: ya ja baya taku biyu daga sandar, ya tako ya buga, har ƙafar bayansa ta biyo shi. Wanda kafaɗarsa ke buɗewa, a matsar masa da sandar can nesa da jiki kuma ciki-ciki, a ce duk ƙwallo ta tafi dama da tsakiya, sau 10 a jere kafin a dawo da ita. Wanda ke wurga kan kulki waje tun farko, ya tsaya gaban raga, tazarar tsawon kulki daga cibiyarsa, ya kaɗa a hankali ba tare da ya taɓa ta ba. Wannan na ƙarshen kada a yawaita shi, yana koya wa hannaye ƙanƙancewa fiye da kima.

Kafin duk wannan, in yaro ne, a duba kulkin da ke hannunsa. Ya riƙe shi da hannu ɗaya a miƙe a gefe na daƙiƙa 30. In hannun ya fara rawa ko kan kulkin ya sunkuya kafin lokacin ya cika, a sauya masa mara nauyi sannan a sake ɗaukar bidiyon.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Mai karanta shafin wasanni